Ashe ba duk kifi ne ya ƙi jinina ba

Ni fa 'yar Haɗejia ce, kifi a gidanmu ba abin marmari bane, da shi aka yaye mu. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, ƙurungu, ga banda da ake ɓarzawa a miyar kuka, in an kwana biyu ba a ci ba to sai dai in kogi ya ƙafe. Shiyasa ranar da na fara cewa Mama kifi yana min illa dariya kawai tayi tace ke da kika tashi da ƙayar kifi a baki, aure a Kano ne ya ɓata ki.

Da azumi abin ya fara, bayan na haifi ta biyu. Nayi farfesun tarwaɗa na shan ruwa, ban fi loma huɗu ba naji leɓena da maƙogwarona suna ƙaiƙayi kamar wadda taci gwazar da bata dahu ba, kunnuwana suka ɗau zafi, kafin a kira isha'i jikina yayi rudu-rudu tun daga wuya har cinya. Baban Ummi ya fita kemis ya siyo Piriton, maƙociyata tazo da manja wai a shafa, kowa yace borin jini ne zai kwanta. Ya kuwa kwanta kafin sahur. Bayan sati biyu na sake ci ya sake yi, wannan karon harda kumburin ido. Sai na ɗan ja baya da kifi amma ban je asibiti ba, wa zai je asibiti saboda ƙaiƙayi?

Abinda ya rikita min lissafi shine wata rana da aka siyo titus irin na ƙanƙara nayi dafaduka da shi, na ci kaɗan a tsorace, aikuwa fuskata tayi ja kaina ya fara sarawa zuciya na bugawa fat fat, to amma ba ni kaɗai ba, Baban Ummi ma haka, ƙaninsa dake zaune damu shima haka harda gudawa. Sai nace ahaf, ashe kifin da ake siyarwa ne ya lalace ba jikina ba. Wannan tunanin ne ya kusa kai ni lahira, domin da shi na samu ƙwarin gwiwar cin soyayyiyar karfasa a wani biki, sabuwa dal ranar aka kamo ta. Minti goma ba ayi ba muryata ta dishe, numfashi na fita da ƙara kamar usur, ga amai ga jiri, ina ganin mutane dishi-dishi. Allah ya saka wa wata ƙawar amarya da alheri, nas ce, ita tace kar a tsaya neman Piriton a saka ta a mota. A emajensi suka kwantar dani suka ɗaga ƙafafuna suka caka min allura a gefen cinya, hannuna ya ringa karkarwa zuciya kamar zata fito, amma cikin 'yan mintuna naji iska ta fara shiga. Adirenalin sunan allurar. Suka riƙe ni na kwana wai abin yana iya dawowa bayan awanni ko da ba a ƙara cin komai ba. Likitan da ya sallame ni yace Hajiya wannan ya wuce borin jini, anafilaksis muke ce masa kuma yana kisa, ya rubuta min takarda zuwa wajen masu duba alaji, wato jiki ya ƙi jinin wani abinci ko wani abu, a wani babban asibiti.

Sai da nayi kusan wata biyu kafin layi yazo kaina. Na tafi da tunanin jini zasu ɗiba a gama, ashe hira ce. Likitar mace ce, bata da gaggawa ko kaɗan, ta kusa minti arba'in tana min tambayoyi kamar 'yar sanda: wane kifi, soyayye ko dafaffe ko banda, loma nawa, bayan minti nawa abin ya fara, me ya fara zuwa, waye kuma yaci, na sha wani magani ranar, ina da asma, kirefish fa yana min wani abu, in ina wanke ɗanyen kifi hannuna yana ƙaiƙayi? Wannan ta ƙarshen ta bani mamaki domin wallahi yana yi, tsakanin yatsuna, na daɗe ina ɗora wa omo laifi. Tace Maman Ummi wannan labarin da kike bani shine rabin gwajin, sauran duk tabbatarwa ne.

Da na bata labarin titus sai ta ajiye biro. Tace wancan daban ne, cire shi daga lissafi. Wai kifaye irin su titus da tuna da sadin in suka daɗe babu sanyi, kamar a ɗauke wuta ƙanƙarar ta narke a sake daskarar dasu, ƙwayoyin cuta suna juya wani sinadari na namansu ya koma histamin, shi kuma histamin shine ainihin abinda jikin mai alaji yake saki da kansa. Kenan ka ci shi ne kai tsaye a cikin kifin, shiyasa alamun suke kama, ja da zafin fuska da ciwon kai, kuma duk wanda yaci zai ji ko bashi da alaji. Suya bata kashe shi dahuwa bata kashe shi, wani lokacin ma kifin baya wari sai dai aji ɗan yaji-yaji a harshe. Tace in gida guda suka kwanta tare to kifin ne, in mutum ɗaya ne kullum to jikinsa ne. Ni kuma nawa biyun ne suka haɗe min.

Ta bani sati ɗaya na dawo, da sharuɗa biyu. Na farko kar na sha Piriton ko wani maganin ƙaiƙayi ko na mura a wannan satin, saboda suna danne fata gwajin ya fito kamar lafiya lau alhali ƙarya ne. Na biyu, na taho da kifi. Nace kifi kuma? Tace eh, ruwan gwajin da ake kawo musu a 'yan kwalabe daga waje na kifin ƙasashen turawa ne irin su kod da samon, babu na tarwaɗar kogin Haɗejia a ciki, gara a gwada da abinda nake ci da gaske. Haka Baban Ummi ya tafi kasuwa da asuba ya haɗo tarwaɗa, karfasa, titus mai kyau da gwangwanin tuna, ƙanwata ta dafa rabin kowanne daban-daban a tukunya daban ta bar rabi ɗanye, muka ƙulla a leda muka rubuta suna muka zuba a kula da ƙanƙara. Kunya kamar na nutse a layin asibiti ina riƙe da kular kifi, wata tsohuwa har tambayata tayi ko na siyarwa ne.

Gwajin fatar ba wani zafi. Nas ta goge cikin hannuna daga gwiwa zuwa wuyan hannu ta zana layi-layi da biro ta saka lambobi. A lamba ɗaya ta ɗiga ruwan gishiri wanda bai kamata yayi komai ba, a lamba biyu ta ɗiga histamin wanda dole ya tashi a jikin kowa, in bai tashi ba to akwai sauran magani a jiki gwajin ya ɓaci. Sai ruwan kod ɗin nasu. Sauran kuma sai ta ɗau wani ɗan tsinken ƙarfe mai kai ƙarami ta caka a naman kifin sannan ta ɗan caki saman fatata da shi, ko jini baya fita, kowane kifi da sabon tsinke. Tace kar ki sosa, minti 15. Ya salam. Minti biyar ba ayi ba wajen tarwaɗa da karfasa suka fara tashi kamar cizon sauro mai ƙiba da ja a kewaye, ƙaiƙayi kamar nayi kuka, na ringa dafe hannun da ɗayan ina kallon agogon bango. Da lokaci ya cika ta zo da ɗan rula ta auna faɗin kowanne. Ƙa'idarsu duk wanda ya fi na ruwan gishirin da milimita 3 ko sama to ya nuna. Tarwaɗa da karfasa sun fi na histamin ɗin ma girma, ɗanye da dafaffe duk ɗaya, kod ɗin da ban taɓa gani da idona ba shima ya tashi. Titus ya ɗan tashi kaɗan a bakin iyaka. Tuna na gwangwani shiru kamar ba a taɓa wajen ba.

Nace likita ya akayi kifin da ban taɓa ci ba ya tashi? Anan ta min bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Akwai wani furotin a tsokar kifi sunansa farbalbumin, shine yake jawo yawancin alajin kifi, kuma kusan kama ɗaya yake a kifaye da yawa, shiyasa jikin da ya tsane shi a tarwaɗa yake gane ɗan uwansa a kod. Wuta bata lalata shi, ko an soya ko an banda yana nan, har tururin suya yana iya ɗauko shi wani ya shaƙa ya fara tari. To amma ba daidai yake a kowane kifi ba, ya fi yawa a farar tsoka, kifaye masu jan nama da suke iyo mai nisa a teku irin su tuna nasu kaɗan ne sosai, ga kuma zafin da ake bawa kifin gwangwani a kamfani yana ƙara rage masa ƙarfi. Shiyasa ake samun wanda karfasa zata kwantar da shi amma yaci tuna lafiya. Ana kuma samun wanda kifi ɗaya tak ne matsalarsa, ana samun wanda duk kifi ne. Daga baya da na shiga intanet ina bincike na ci karo da wani labari da ya burge ni, a shekarar 1921 a Jamus wani likita Küstner yana da alajin kifi, abokin aikinsa Prausnitz ya ɗebi ruwan jininsa yayi wa kansa allura a fata, washegari da aka saka ruwan kifi a wajen sai ya kumbura masa shi da kifi bai taɓa yi wa komai ba. Da haka aka gane akwai wani abu a cikin jini dake ɗauke da alajin, sai wajen 1966 zuwa 1967 aka gano shi aka sa masa suna IgE. Kenan da kifi ma aka fara gano bakin zaren.

Wannan IgE ɗin shi aka aike ni na auna a jini. Shine wanda ya ci kuɗi gaskiya, domin kowane nau'in kifi kuɗinsa daban kuma ba a nan ake yi ba aikawa suke, sai da na jira sati biyu da 'yan kwanaki. Amfaninsa ɗaya da na gani shine ba ruwansa da ko ka sha Piriton, kuma ba a taɓa ka da kifin balle a ji tsoro. Da risalt ya fito na buɗe tun a adaidaita, naga lambobi da wasu haruffa, an rubuta duk abinda ya kai 0.35 ya nuna. Kod da karfasa sama sosai, tuna ya ɗan haura iyakar da kaɗan, sannan ga wani abu da ya ɗaga min hankali, jatan lande shima ya nuna. Nace shikenan an raba ni da kirefish, ni da ko miyar kuɓewa bana yi babu shi.

Likitar ta duba takardar tace yaushe rabonki da kirefish? Nace shekaranjiya, a miyar agushi. Ya miki wani abu? Nace ko ɗaya. Tace to cigaba da cin abinki. Wai jatan lande da kirefish da ƙaguwa ba dangin kifi bane a wajen alaji ko da duk a ruwa suke, nasu furotin ɗin daban ne, tirofomayosin, kuma irinsa ne a jikin kyankyaso da wasu ƙananan ƙwari na ƙurar katifa da kafet da ido baya gani, to mai yawan atishawa da ƙura irina jininsa yana iya nunawa alhali cin abin baya masa komai. Tace takarda tana nuna jiki ya san abu ne kawai, bata cewa lallai zai yi faɗa da shi, kuma girman lambar baya faɗin yadda abin zai yi tsanani. Na tuna wata 'yar uwarmu da akayi wa ɗanta gwajin jini na abinci kala-kala a wani lab ba tare da likita ya ji labarinsa ba, ta dawo ta hana yaron ƙwai da gyaɗa da madara da wake duk abubuwan da yake ci lafiya, yaro ya rame kamar tsinke. Ni dai a ganina wannan gwajin jinin in ba da mai karanta shi ba cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Saura tuna. Fata tace a'a, jini yace eh kaɗan, ni kuma ban taɓa cin shi ba tunda abin ya fara. Tace hanya ɗaya ce ta rage, na ci a gabansu. Baban Ummi yace shi bai yarda ba, akan me za a sake jefa ta cikin abinda ta fito da ƙyar saboda kifin gwangwani. Likitar tace Alhaji ba dole bane, in ta zaɓi ta bar kifi gaba ɗaya ba laifi, tarwaɗa da karfasa kam ko da kuɗi aka haɗa ta bazata gwada min ba saboda labarin da gwajin sun riga sun haɗu. Ni ce na nace, domin tunanin na ƙare rayuwata ko ɗanɗanon kifi babu ya fi min ciwo.

Ranar muka je da sassafe, karin kumallo kaɗan, babu Piriton sati guda kamar wancan karon, sai da suka tabbatar bana mura ko tari. Suka saka min kanula a hannu, suka auna hawan jini da numfashi, naga nas ta zuƙe adirenalin a sirinji ta ajiye a faranti kusa da gadon, ganin sirinjin nan ya sa cikina ya ɗuri ruwa. Na farko ɗan mitsitsi ne bai kai ƙwayar wake ba. Na haɗiye na zauna ina sauraron jikina, aikuwa nan take naji kamar maƙogwarona yana ƙaiƙayi, nace nas ya fara! Ta haska fitila ta duba, ta duba fata, ta saka abin sauraron ƙirji, tace Maman Ummi tsoro ne, sha ruwa. Gaskiyarta, da muka fara hira ya ɓace. Duk bayan kamar minti 20 sai a ƙaro, rabin cokali, cokali, cokali biyu, har na cinye abinda zai kai rabon mutum ɗaya, sannan suka ƙara zaunar dani awa biyu suna leƙowa. Ko ɗigon ƙurji. Baban Ummi da yake ta jan carbi a bakin ƙofa tun safe yace to yanzu sai ki bar mana sauran gwangwanin.

Titus dai mun bar shi a rataye, tace in ina so a saka masa rana daban, har yanzu ban koma ba. Ta rubuta min takarda ɗaya da zan ringa yawo da ita: kifin da aka hana, wanda aka yarda kuma na gwangwani kawai ba ɗanyen tuna ba, da abinda za ayi in ya tashi. In ƙaiƙayi ne da kuraje kawai maganin ƙaiƙayi, in murya ta canja ko numfashi ko jiri to adirenalin a gefen cinya nan take, a kwantar dani kar na miƙe tsaye, sannan asibiti ko naji sauƙi. Akwai allurar da ake siyarwa kamar biro mutum ya danna wa kansa ta saman zani ma, samunta a nan wahala ga tsada ga ranar lalacewa da wuri ga bata son zafi, sai da wani ɗan uwan Baban Ummi ya taho min da ita daga waje. Na tambaye ta ko zai warke, tace na ƙwai da madara yara suna yawan girma su bar shi, na kifi kam yawanci zama yake.

Inda nafi shan wahala yanzu ba kifin da ake gani a faranti bane, ɓoyayyen ne. Man da aka soya kifi aka sake soya dankali ko doya da shi, ya taɓa tayar min da kuraje a gidan suna. Miyar da aka ɓarza banda a ciki aka ce ai an tsame kifin. Cokali ɗaya a tukunya biyu. Yajin da aka daka da busasshen kifi. A gidana ranar da za a soya wa Baban Ummi karfasa ƙanwata ce take yi a tsakar gida da kaskonta daban, ni ina ɗaki na rufe taga.

Da sallar da ta wuce muka je Haɗejia, Mama ta aiko min da tuwo da miyar kuka a kwano daban tace taki ce wannan babu kifi. Na ɗaga murfi naji ƙamshin da na sani tun ina yarinya, nace Mama tsakaninki da Allah? Tayi shiru, can tace ɗan kan banda ne kawai na jefa don ɗanɗano kuma na cire shi tun kafin na kaɗa. Na ɗauko takardar likita da biron allurar na ajiye mata a kan tabarma na fara karanta mata tun daga layin farko, ƙanwata kuma ta tashi ta ɗora min taliya.